Na San Su a Kwance

Shekara goma sha ɗaya ina Oko Baba,
gwangwanin jan fenti a hannuna,
ina sa wa gumagumai lamba
in ruwa ya kawo su a ɗaure kamar shanun fatake.
Na san su a kwance.
Maɗaci, in zarto ya shige shi, ja ne kamar hanta,
garinsa ya bar maka ɗaci a maƙogwaro har la'asar.
Loko rawaya yake fitowa, ya kwana biyu ya yi duhu,
gara ta sansana ta wuce.
Arere fari ne, ba nauyi, ko yaro ya saɓa falankinsa.
Amma da an ce, Tanimu, nuna mana ganyen ɗaya,
da sai susar ƙeya.

Baba Aderoju ne ya gano ni.
Ya ce, kai mai wankan gawa ne,
ba ka taɓa gaisawa da mai rai ba.
Ran Lahadi ya sa ni a kwalekwale, can bayan Epe,
inda tsakar rana take kama da magariba.

Na ɗaga kai, ya danne mini shi.
Ganye ya yi nisa, in ji shi, fara da ƙasa.
Abin da itace ya zubar, shi ne sa hannunsa.
Sai ɓawo: shafa, ji kaushi.
Sai ɗan tsaga da bakin wuƙa, kamar na wanzami,
ka kai hanci, ka jira.
Na jira. Farin nono ya tsattsafo.
Loko ne, a tsaye, ya fi hasumiyar masallacinmu.
Wai akwai mace akwai namiji,
kuma jemagun da nake jifa
su ke cin 'ya'yan, su shuka su da kashi cikin dare.

Wani ya baza gindi kamar katangun kango,
ganyensa tafin hannu, yatsu a buɗe,
ƙaraminsa duk ƙaya a jiki.
Na ce wannan ai rimi ne, na garinmu!
Ya ce araba.
Ashe shekarun nan da nake kwana a Idi-Araba
a gindin rimi nake biyan haya ban sani ba.

Ya nuna mini ɓauren da tsuntsu ya ajiye a reshen wani.
Baƙon ya sauko da saiwoyi, ya rungume mai gida,
har rungumar ta zama ajali.
Ya ce ruwa na hawa ta farin katakon gefe,
abinci na saukowa ta ƙarƙashin ɓawo,
zagaye ɓawon da wuƙa, ka kashe ƙato ba gatari.
Jar zuciyar nan da muke ciniki a kai
ta daɗe da daina aiki, tsayuwa kawai take riƙewa.

Inda wani babba ya faɗi, rana ta samu ƙofa.
Naman kaza da gara suna rabon gado,
ƙananan tsiro sun fi ashirin, kowa na miƙa wuya.
Ɗaya ne zai kai, in ji Baba. Ban tambayi wanne ba.

Da za mu dawo, ruwa ya janye,
itatuwan bakin gishiri sun tsaya kan ƙafafu kamar zalɓe,
'yan kifi na ɓuya a tsakaninsu.
Can gaba, injin cike ruwa da yashi yana tari.

Litinin na koma kan gumagumai.
Na arba'in da bakwai ya zo da busasshen ganye maƙale a ɓawo.
Na juya shi, na bi jijiyoyinsa da farce,
na sa a aljihu.
Oga yana ta ihu in yi sauri,
fenti ya bushe a bakin buroshi.