Ƙugiya

Ruwan marka ya kwana yana zuba,
hanyar bayan Yankaba ta zama kunu.
Haladu ya ce, "Za ta wuce."
Ba ta wuce ba.
Ya ƙara taka mai, ta yi gurnani,
ta haƙa wa kanta kabari
da buhun albasa tamanin a gadon bayanta.

Sai la'asar janwen Sallau ya iso,
tsoho, fitilarsa ɗaya a fashe.
Ba a yi ciniki ba.
Wanda ya faɗa ruwa ba ya taya takobi.

Ni ne yaron mota, ni na tuɓe riga.
Na nutse a taɓo har ƙirji
ina lalube kamar ungozoma
har ƙugiya ta kama ƙarfe.

"Ku matsa! In waya ta tsinke
ba ta san ɗan kowa ba!"

Inji ya fara naɗi, sannu, sannu,
waya ta miƙe tana rawar sanyi.
Laka ta riƙe, ta riƙe,
sannan ta saki da tsaki.

Haladu ake yi wa barka.
Ni kuwa takalmina na hagu yana can ƙasa:
laka ta cire la'adarta.