Ɗan Tiyon da ke Ƙarƙashi

Motar Malam Jatau ta iso Muciya da hantsi
tana huci kamar wadda aka yi wa ƙazafi.
Tun daga Kwangila allurar zafi ta haye ja,
sau uku yana tsayawa ya ɗura mata ruwan leda.
"Lagireto biyu na saya," in ji shi,
"famfon ruwa ma na canza,
amma har yau sha take kamar gonar albasa da rani."

Oga Barau bai tashi daga benci ba.
Tun bara yana ta rufe masa ido ɗaya,
ɗayan ma sai a hankali.
Ya ce, "A bar ta ta huce.
Mai fushi ba a buɗe masa baki."
Muka jira. Mai kunun aya ta zo ta wuce.

Da ƙarfen ya yi sanyi sai ya miƙe,
ya sunkuya cikin bonet, hanci a gaba.
"Ka ji? Zaƙi-zaƙi, kamar alewa ta ƙone.
Ba daga gaba yake ba. Mamuda, kawo hannunka."

Ya ɗora yatsuna a kan babban tiyo na sama,
na matsa, ya dawo da ƙarfinsa.
Na ƙasa ma lafiya lau.
Muka bi hanya har gidan tamostat,
inda ƙananan suke cunkushe
kamar 'yan kaji a ƙarƙashin uwa.
Na farko ya bushe, ya yi tauri kamar ganda.
Na biyu ban gan shi ba sam,
sai da fasasshen madubi da fitilar waya:
bai fi tsawon ɗan yatsana ba,
ya kumbura a bakin kilif,
farin gishiri ya bi ƙarfen ya gangara.
Na taɓa. Laushi, kamar ayabar da ta kwana uku.

"Shi ne," Oga ya ce. "In sanyi, ya rufe bakinsa.
In zafi ya matsa, ya yi fitsari a kan injin,
ruwan ya ƙone kafin ya taɓa ƙasa.
Shi ya sa ba wanda ya kama shi."

Malam Jatau ya ce a cire tamostat ɗin kawai,
ai ƙasarmu ba ƙanƙara.
Oga ya yi tsaki.
"Ɓarawo ya shigo ta taga, sai ka kori maigadi?"

Na tare ruwan a roba, na kore akuyar maƙwabta,
don zaƙin nan ajali ne.
Filaya ta ja kilif baya.
Tiyon ya manne, ya ƙi murɗawa,
na tsaga shi da reza a tsaye,
na goge wuyan ƙarfen da samfefa har ya yi haske.
Na hau acaɓa zuwa layin 'yan kayan mota,
tsofaffin biyu a aljihuna.
Ndubuisi ya miƙo miƙaƙƙe, na ce a'a,
mai gwiwa nake so, in ba haka ba zai lanƙwashe ya toshe.
Ya yi dariya: "Yaron Barau ne kai."

Sabo ya shiga da ɗan ruwan sabulu.
Sabon kilif, bayan tudun wuya, ba a kansa ba.
Muka cika ruwa, injin na gunaguni,
kumfa na fitowa ɗaya-ɗaya har ta ƙare.
Fanka ta tashi. Ta tsaya. Ta sake tashi.
Kwalin da na shimfiɗa a ƙasa ko ɗigo.

Da aka faɗa masa kuɗin
Malam Jatau ya ɗan ɓata rai,
kamar arhar ta zage shi.
Ya karɓi ruɓaɓɓen tiyon, ya juya shi a tafin hannu,
ya ce, "Wannan? Wata takwas?"

Ya tafi ta hanyar Tudun Wada.
Oga ya koma benci, ya ce in wanke hannu,
gobe kuma in rufe idona ni ma
kafin in taɓa komai.