Ɗinkin Hammata

Ranar Talata ruwa na zuba a Ludlow kamar an huda sama,
Mista Thwaite ya turo ƙofar shagona da gwiwa,
kwali a hannu biyu,
kamar mai kai jariri wurin aski.

Ni tela ce. Rage wando, sauya zif,
faɗaɗa ƙugu ga waɗanda tumbi ya ci amanarsu.
Amma ya ce ni kaɗai ya yarda da allurata.

Na san gidansa, na taɓa zuwa awon labule.
Akwai ɗaki guda da rana ba ta shiga:
malafun Turawa goma sha ɗaya a jere,
gorar ruwa mai rigar bargo,
kwalbar kwinin da sauran ɗaci a gindinta,
gidan sauro da asu ya gama da shi,
ƙyallen naɗe ƙwauri, an naɗe shi kamar tabarma.
Kowanne da 'yar takarda a wuya:
shekara, runduna, fam nawa.

Ya buɗe kwalin.
Rigar kaki, rana ta sha jininta.
Jar dara mai tuntu.
Hammatar hagu ta ɓarke.
Ya ce, zaren auduga kawai, Misis Gambo,
kada keke ya taɓa ta.
Ya ce shekara sha uku yana farautar takalmin da zai cika kayan,
kasuwa bayan kasuwa, gwanjo bayan gwanjo,
ko igiyarsa bai gani ba.

Na tuna Iya tana ba mu labarin surukinta,
wanda ya dawo daga yaƙin Jamus
da tafin ƙafa kamar fatar ganga,
ƙaya ta taka shi, ita ce ta karye.
Na ce, wataƙila ba a ba shi ba.
Ya cire tabarau. Ya mayar.

Da dare na juya rigar.
A wuya, lamba huɗu da baƙin tawada,
sai kalma ɗaya: Bawa.
Bawa ɗan wa?
Bawan wa?

Ina warware tsohon zare sai allura ta ci karo.
Laya ce, ba ta fi farcen babban yatsa ba,
fatar ta yi baƙi, ta yi santsi da gumi.
Wannan ɗinkin ba na ma'aikata ba ne.
Taku gajere, taku dogo, ƙulli uku a ƙarshe,
hannun wanda ke sauri kafin a busa bigila,
ko hannun wadda hawaye ya hana ganin kafar allura.

Na daɗe zaune da ita a tafina.
Motar shara ta wuce. Hita ta yi ƙara ta mutu.

Ranar Asabar na gaya masa, don ban iya cin amana ba.
Idonsa ya kawo wuta: a buɗe, a ga rubutun!
Na ce laya ba wasiƙa ba ce.
Ya yi shiru har na ji agogon coci.
Sannan ya ce, malafa ta uku daga ƙofa
ta kakansa ce.
Ita ta dawo a jirgin ruwa, cikin akwatin ƙarfe.
Zazzaɓi ya riƙe mai ita a can,
a wani gari da bai iya faɗin sunansa ba.
Ya gwada. Na gyara masa. Ya sake gwadawa.

Na mayar da ita inda na same ta,
yana tsaye a kaina yana riƙe min fitila.
Taku gajere, taku dogo.
Ƙulli uku.

Fam sha takwas, na ce.
Ya laluba aljihu, ya tsaya a bakin ƙofa,
ruwa na dukan lemarsa,
ya ce har yanzu dai,
in na ji labarin takalmi a wajen mutanenmu,
in kira shi.