Shuɗin Jirgi

A Matosinhos, bakin teku,
Graciete ta ƙirga abin hannunta:
Yuro arba'in da 'yan canji,
ko ƙofar kabad ba za su saya ba.

Sai ta tuna rabin gwangwanin fenti
da Amandio ya rage
shekarar da ya shafe jirginsa,
shekarar da teku ta riƙe shi.

Da wuƙa ta kankare
hayaƙin suyar kifi na shekara talatin.
Fasassun tayil, tsintuwar bayan shago,
ta jera kamar haƙoran tsohuwa.

Fenti ya ƙare kafin bango na huɗu.
Da babu gara ba daɗi.

Yanzu in ta ɗora miya da almuru
bango uku na kaɗawa,
ita tana tsakiyar jirginsa
tana tuƙi da ludayi.