Kaza da Kaji

Na dawo Sankara hutu
da littafi cike da kibiyoyi.
Malam ya ce z in ta tsaya gaban i
sai ta rikiɗe ta koma j.
Na haddace, na ci jarrabawa.

Inna Tasalla na ɓarar gyaɗa a gindin rumbu.
Ta ce kaza guda ta ɓata,
ta ƙirga kaji, bakwai suka rage.
Na ce, Inna, sake faɗa.
Ta ce, birni kurmantar da kai ya yi?

Sata ce, in ji ta,
muzurun gidan Ɗan'azumi ya sace ta.
Ko allo ba ta taɓa riƙewa ba,
ga doka na faɗowa daga bakinta
kamar ƙwaya daga ɓawo.

Na nuna mata takardar:
t, kibiya, c, da ɗan layi.
Ta juya ta sama, ta juya ƙasa,
ta ce, wannan ai sawun kaza ne,
bi shi ka nemo min tawa.

Na bi har bakin titi.
Titi.
Na tsaya cik.
Shi wannan, wa ya hana shi zama cici?