Yatsa Biyu a Shafi Ɗaya

Gara ba ta iya karatu ba,
amma ta sauke littattafan kakana
daga bango har bango,
ta bar mini gari a gindin adaka.
Bakwai suka tsira. Sau uku na ƙirga.
Bakwai, cikin ashirin da ɗaya.

Jatau sunansa, akawun tashar jirgin ruwa,
zamanin da Binuwai kan cika ta kawo jirage Garwa,
wata biyu rak a shekara,
gishiri ya sauka, gyaɗa ta hau.
Da rana Faransanci yake rubutawa don masu kaya,
da dare ya bi gefen shafi da ajami
yana zuba abin da ba a tambaye shi ba.

Na je wurin Hamajoda kafinta
da zane a bayan takardar siminti.
Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa,
ya ce, "Komin jaki ne ko tarkon gafiya?"
Na ce, "Yanka dai, Bappa."

Katako biyu muka jingina
kamar tafin mai tarar ruwan indararo,
don littafi ya buɗe rabi, kada bayansa ya karye.
Gilashin tagar ɗakin shan maganin da aka rushe
shi ke danne shafi ya kwanta.
Wayar birkin keke ke ɗaga shi,
ɗan dutsen niƙan Inna na reto a ɗaya gefen.
Sai wayoyi biyu da aka kawo gyara shagona
ba a dawo karɓa ba,
ɗaya fuskarta a tsage, amma idonta garau.

Daren farko haske ya yi mana gardama.
Kowane hoto, ga fitila zaune tsakiyar shafi
kamar wata a rijiya.
Muka kai ta hagu, muka kai ta dama,
sai da Dudu, 'yata, ta ɗauko baƙin zane ta yi rumfa,
sannan baƙaƙe suka yarda suka fito.

Ɗaga, juya, sauke, danna.
Ɗaga, juya.
Ita ke juyawa, ni ke dannawa.
Wuta ta ɗauke, batirin babur ya karɓa.
Takarda na ƙara kamar busasshen ganyen masara,
muna riƙe numfashi a kowace kusurwa.
Ramin da gara ta yi, shi ma mun ɗauka,
ai shi ma ya faru.

Doka ɗaya na kafa:
in yatsa ya shiga hoto, a goge, a sake.

Littafi na biyu, shafi na tamanin da huɗu,
na duba, ga babban yatsan Dudu a gefe,
jajir da lallen sallar da ta wuce.
Na buɗe baki zan yi faɗa,
sai na ga wani yatsan kusa da nata,
na tawada, shuɗi, ya koɗe,
an dangwala shi a gurbin sa hannu.
Ƙarƙashinsa Faransanci ya ce:
kunun 'yan dako, dala uku, an biya.
Gefensa ajami ya ce:
"Tabawa. Ta karɓa, ta ƙi kallona.
Gobe zan ce babu canji."

Tabawa ce ta yaye ni.
Ban taɓa ganin hotonta ba,
ba ta yarda da masu hoto.
Ashe ta bar mana wannan.

Dudu ta ce, "Mama, a goge?"
Na ce, "Juya na gaba."

Yanzu shafin yana Yola wurin kawuna,
yana Njamena, yana aljihuna.
Ƙanshin tsohuwar takarda ne kawai ya ƙi shiga waya,
shi muka mayar adaka da ganyen darbejiya.
Saura biyar.
Kuma tun asuba maƙwabcinmu mai ɗori
yake zaune a zaure
da wani abu naɗe cikin fatar akuya.