Ɗan Ramin da ke Gefen Libarba

Shekara ashirin da uku ina riƙe da ɗakin makamai,
ni Sajan Arzika, mutumin Runjin Sambo.
Na san ƙarfe yadda majemi ya san fata:
kafin ido ya gani, hannu ya riga ya ji.

Ran Talata aka sauke akwati,
libarba shida, sababbi, suna ƙanshin mai.
Na juya ɗaya a tafin hannu,
sai ga ɗan rami kusa da inda babban yatsa ke kwanciya,
bai fi ƙwayar dawa ba.
Ga ɗan makulli a leda, kamar tsinken sakace.
Aka ce: murɗa nan, kunama ta yi barci,
murɗa can, ta farka.
Don yara aka yi shi.

Don yara. Ban yi musu ba.
Ni na saɓi ɗan Kofur Nomau a kafaɗa
daga Mabera har ƙofar asibiti,
yaron da ya ɗaga matashin kan ubansa
yana neman kuɗin alewa.
Ya rayu. Tela ne yanzu,
da ƙafa ɗaya yake taka keke.
Wanda ya ga wannan ba ya raina makulli.

To amma ran Alhamis, filin gwaji, bayan Kwannawa,
rana ta bazara tana dafa ƙeya,
na harba na fari, ta shure ni.
Na biyu. Na uku.
Na huɗu, kunama ta ƙi.
Ba laifin harsashi ba, ba tsatsa ba,
ba wanda ya murɗa mata komai.
Shurinta ne ya girgiza ɗan harshen da ke ciki,
ta rufe kanta, kamar ƙyauren da iska ya bugo
kana tsakar gida ba riga.
Makulli kuwa yana can gida,
cikin aljihun wandon jiya, tare da rabin goro.

Allon da nake harbi bai rama ba.
Allo ne.
Amma na tsaya da ƙarfe mataccce a hannu
ina ganin hanyar Illela, ƙarfe biyun dare,
da yarana da ke sa hannu a littafina su karɓa su tafi,
kowane da matarsa, kowane da bashinsa.

Maigida ya ce, “Sau nawa ta yi?”
Na ce sau ɗaya.
Ya ce, “Ɗaya cikin dubu, Sajan.”
Ranka ya daɗe, igiya ma sau ɗaya take tsinkewa,
kuma ba ta yi sai guga ya cika.

Da la’asar na je Tsohuwar Kasuwa,
wurin Hali mai gyaran kwaɗo.
Ban kai masa ita ba, na zana masa a ƙasa.
Ya daɗe yana kallo, ya ce,
“Mi ya kai mai gadi kwana cikin tukunya?
Kwaɗon waje, in ya cije, ga guduma.
Na ciki fa, wa za ka doka?”

Na koma na zauna da biro.
Na rubuta: a cire shi. Na tuna ƙafar tela, na soke.
Na rubuta: a bar shi. Na tuna Illela, na soke.
Takarda ta yi baƙi, ladan ya kira magariba.

Ga abin da na iya:
na sayi akwatin ƙarfe shida, da kwaɗo shida wurin Hali,
wanda zai kwana da ita gida, a ciki za ta kwana.
Waccan ta Alhamis na ɗaura mata jan ƙyalle,
ba ta fita.
Sauran biyar kuwa, kowace safiya
kafin in miƙa, sai in sa babban yatsa a kan ramin,
in ɗan jima,
kamar mai taɓa goshin yaro
yana jin ko zazzaɓin ya dawo.